Jan Wain na Teburin Alhazai

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a jami'a, ina zaman jiran takardar tabbatar da aiki, shugaban sashenmu ya leƙo ofis wata Alhamis ya ce ranar Asabar bayan La'asar in sa kwat, zai kai mu Sabon Gari mu ga yadda mutane ke cin abinci. Haka ya faɗa, wallahi, "yadda mutane ke cin abinci." Ashe mu duk tsawon rayuwarmu kiwo muke yi ba mu sani ba.

Farfesa muke ce masa. Ya yi shekara uku a Turai tun ina zanen goyo, kuma har yau bai gama dawowa ba. Fanninsa amfanin gona, shi ke tsayawa gaban ɗalibai yana koya musu bambancin yakuwa da rama, amma ka ba shi minti biyar da kowace magana, ko ta takin zamani ce, sai ya lanƙwasa ta ta faɗa kan wani titi da ya taɓa takawa a can cikin ƙanƙara. Alhaji ne, da tabon sallarsa a goshi, ba ya wasa da jam'i. Yana da zagi guda ɗaya da yake ji da shi. In ɗalibi ya faɗi jarrabawa, sai ya ɗaga takardar da yatsu biyu ya ce, "Kai, je ka sayar da zoɓo a bakin geti, nan ba wurinka ba ne." Aji ya kwashe da dariya. Mu ƙananan malamai da ke tsaye a gefe mu ma mu taya.

To ni zoɓo ne ya kai ni makaranta. Inna, mahaifiyata, tun kafin a haife ni take dafa shi a Bomo, ƙauyenmu da ke kusa da jami'ar, kuma rabin ɗaliban da ke haya a ƙauyen nan nata suke sha. Wannan shi ne abin da nake ɓoyewa shekara biyu, na ɓoye shi da ƙarfina duka. Don shi na ƙi zama a Bomo na kama ɗaki a Palladan, kada wani ɗalibina ya gan ni ina fitowa daga zauren da ake jera jarkoki. Ranar Juma'a kaɗai nake zuwa gaishe ta, motar ma a bayan masallaci nake ajiye ta in ƙarasa a ƙafa. Da Farfesa ya taɓa tambayata sana'ar mahaifiyata, cewa na yi harkar kayan sha take yi, tana rarraba wa shaguna. Ban yi ƙarya ba. Na dai yi wa gaskiya kwalliya har ita kanta ba za ta gane kanta ba.

Mu uku muka tafi a motarsa: shi, da ni, da Dakta mataimakinsa. Dakta mutum ne da Allah ya yi wa baiwar dariya kafin a gama ba da labari. Tun daga Samaru har Kwangila Farfesa ke yi mana bita. Kada mu kira mai kawo abinci da tafi ko da "kai". Kada mu tura ƙyallen goge baki a aljihu. Cokula kuma daga na waje ake farawa a shigo ciki. Dakta yana ta "haka ne, ranka ya daɗe," kamar shi ma da cokali uku aka yaye shi.

Wurin sabo ne, a wani layi tsakanin masu sayar da kayan gyaran mota da wani mai walda. A waje janareto na ruri, kwata na gudana, wata mata na soya ƙosai tana zagin akuya. Kana tura ƙofar gilashi sai sanyin esi ya mare ka. Da sauran rana a waje, su kuma sun rufe labule sun kunna wasu fitilu masu ciwon ido, wai haka manya ke so, a ci abinci ba a ganin abin da ake ci. An raba wurin biyu. Can ciki, bayan wani labule ja, nan ake shan wain na gaske, wato giyar inabi, kana jin dariyar mutanen Sabon Gari da ƙarar kofuna. Daga gaba kuma akwai dogon tebur da ma'aikatan wurin ke kira teburin Alhazai, inda ake kawo wanda babu maye a cikinsa. Nan aka zaunar da mu.

Wani magidanci ne ya zo yi mana hidima, da farar riga da ɗan baƙin nakataya, ya rataya tawul a hannu. Farfesa ya tambaye shi da ƙarfi, yadda na tebur na uku zai ji, "Babu maye ko?" Ya ce babu. Ya sake tambaya. Ya ce babu, Alhaji. Sai da ya tambaya sau uku, sannan ya ɗan waiga wajen jan labulen nan, ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama.

Ba zan ɓata bakina a kan abincin ba. Faranti ne mai faɗin faifai, a tsakiyarsa yankan nama uku, an ɗora musu ganye guda ɗaya, an ja wata miya da bayan cokali a gefe. Na ɗauka ɗanɗano ne aka kawo kafin a kawo abincin. Ina jira, sai na ga Farfesa ya goge baki ya ce madalla. Mai tsiren bakin tasha in ya ba ka wannan a matsayin kyauta ma sai ka ce masa haba malam.

Sai aka zo kan abin da ya kawo mu. Mutumin ya jera wa kowa kofuna uku masu dogayen ƙafafu, ya ajiye wani ɗan bokiti mai ƙyalli a tsakiyar tebur, kamar fo na yara amma na masu hali. Ya buɗe baki zai yi bayani, Farfesa ya ɗaga masa hannu. Ai ba za a yi wannan a gabansa ba.

"Ku saurara," in ji Farfesa. "Ba sha ake yi ba, ɗanɗanawa ake yi. Ka kama kofin ta ƙafa, ba ta ciki ba. Ka ɗaga shi ka dubi launinsa. Ka juya shi a hankali. Ka sa hanci ka shaƙa. Sannan ka kurɓa kaɗan, ka kurkure baki da shi, ka tofar a nan." Ya nuna bokitin. "Ni a can ma haka nake yi. Shekara uku, ban taɓa haɗiye ko ɗigo ba."

Dakta ya ce, "Allahu akbar."

Ni dai da na ji an ce shaƙa, an ce kurkure baki, an ce tofar, sai na ga ai alwala ce, niyya kawai aka cire. Na kusa faɗa, na tuna takardata tana kan teburinsa ba a sa mata hannu ba, na haɗiye maganar.

Na farko fari ne, ruwan inabi mai gas, irin wanda ake fasawa a wajen biki. Muka ɗaga, muka juya, muka shaƙa, muka tofar. Farfesa ya ce wannan yaro ne, bai nuna ba. Na biyu wani ruwan hoda ne mai zaƙi kamar maganin tari. Farfesa ya ce yana da kunya amma akwai alƙawari a tattare da shi. Dakta ya ce shi ma ya ji alƙawarin. Magidancin nan yana tsaye da tawul ɗinsa, fuskarsa ba ta motsa ba, na tabbata ya ga irinmu da yawa.

Na uku aka kawo shi a baƙar kwalba, da takarda mai ruwan zinariya da hoton wani gida a kan tudu, da suna irin na Faransanci. Mutumin ya ce wannan na gidan ne, ba a samunsa ko'ina. Ya zuba. Ja ne wur, mai duhu, har yana barin shaida a jikin kofi. Na kama ta ƙafa yadda aka koya min, na juya, na kai hanci.

Kanumfari ne ya fara dukana, wanda aka soya a busasshen kasko kafin a daka. Sai ɓawon abarba. Sai citta kaɗan. A ƙarƙashinsu duka kuma akwai wani ƙanshi da ko a kabari aka kawo min zan gane shi, ƙanshin tsohuwar randar da ke kusurwar ɗakin girkinmu, wadda Inna ke kwanar da zoɓo a ciki kafin ta tace. Kowa a Bomo a roba yake jiƙa nasa, ita kaɗai ta ƙi rabuwa da randa. Sai a lokacin na tuna wata Juma'a da Inna take ce min, "Mamanka ta Sabon Gari ta buɗe wajen cin abinci, 'ya'yanta na waje sun kafa mata, ni nake kai mata kaya." Ina danna waya lokacin, na ce mata to, Allah ya sanya alheri, ban ko tambayi layin ba.

Farfesa ya rufe ido. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, hancinsa ya kusa taɓa ruwan. Ya kurɓa, ya yi ta wasa da shi a baki, kumatunsa na kumbura suna sacewa. Ya tofar a bokiti.

"Yauwa," ya ce a hankali. "Yanzu aka zo wurin. Kun ji wani ƙanshi daga can ƙasa-ƙasa? Kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa?"

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Dakta. "Har da ɗan ruwan sama."

"Wannan ita ce ƙasar da inabin ya fito. Masana da hanci kawai suke gane gonar. Ni wannan, in ban yi kuskure ba, kudancin Faransa ne. Ƙasar can tana da wani irin ƙanshi da ba za ka taɓa samu a nan ba. Tamu ƙasar ta mutu."

Wannan fa mutum ne da ke raba wa ɗalibai maki a kan yakuwa. Yumɓun randar nan kuwa daga bakin rafin bayan ƙauyenmu aka ɗebo shi, kakata ce ta saya wajen maginiya. Dariya ta taso min, na danne ta.

Dakta ya kurɓa ya tofar, har da ɗan tsartuwa don a ga ya iya. Suka juyo suna kallona. Na kurɓa. Na kurkure baki yadda aka ce. Na sunkuya kan bokitin, na ga jan ruwan da suka tofar yana kumfa a ciki haɗe da yawu, sai bakina ya ƙi buɗuwa. A gidanmu ba a zubar da zoɓo. In ka ɗiba ka kasa shanyewa, sai ka nemi wanda zai sha. Na san ƙarfe nawa ake tashi a hura wutar nan, na san yadda hayaƙi ke sa idon Inna ruwa, na san tafin hannunta bai taɓa komawa launinsa na asali ba. Na haɗiye.

Farfesa ya buga tebur. "Ya haɗiye! Dakta, ka gani? Ya haɗiye! Kai malam, wannan ba zoɓon bakin geti ba ne da za ka kwankwaɗa ka goge baki da hannun riga!"

Dakta ya kama ciki. Ni ma na yi dariya. Allah ya gani, tawa ta fi ta Dakta ƙarfi. Har na ƙara da cewa, "A yi haƙuri da mu, ranka ya daɗe, ƙauyanci bai gama fita ba."

Muna cikin haka mai wurin ta fito zagayen gaishe da baƙi. Tun daga nesa na gane tafiyarta. Ta yi jiki, ta sa leshi da gwaggwaro, amma ita ce. Iyayenta daga kudu suka zo, ita a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Shekara da shekaru rumfarta ta shinkafa da miya tana jikin ta Inna a kasuwa, kafin Inna ta koma sayarwa a gida. Ranar Lahadi in ta tafi coci Inna ke duba mata tukunya, ranar Juma'a ita ke tsare jarkokin Inna. Mama nake ce mata. Shinkafarta da na ci, in aka tara, ta fi nauyina.

Ta iso teburinmu, ta gaida Farfesa, ta gaida Dakta, idonta ya sauka a kaina. Fuskarta ta buɗe gaba ɗaya. Ta ɗago hannu biyu, bakinta ya fara, "A'a! Ɗa..."

Na miƙe tsaye da sauri, na gyara maɓallin kwat, na gaishe ta da Turanci. Irin gaisuwar da ake yi wa matar da ba a taɓa gani ba, har da "madam", har da yaba mata kyan wuri.

Hannuwanta suka tsaya a iska. Ta dube ni, ta dubi Farfesa, ta dubi kofin da ke gabana wanda babu komai a cikinsa. Mace ce da ta yi rayuwarta a kasuwa, ba ta buƙatar a yi mata fassara. Ta sauke hannun ta gyara gwaggwaronta da su, ta amsa min da Turanci, ta ce ta gode, ina ma in sake dawowa.

Farfesa bai ga komai ba, yana can Faransa. Ya ɗaga kwalbar ya ce, "Madam, wannan daga wane yanki kike samo shi?"

Ta juya zuwa Hausa. "Ranka ya daɗe, wata ƙawata ce take yi min shi. Ita kaɗai, da hannunta."

"Na faɗa muku!" Farfesa ya dube mu. "Ƙananan gonakin iyali, su ne masu abin kirki. Manyan kamfanoni shirme suke yi. Tana da magaji dai ko? Irin wannan ilimi bai kamata ya ɓace ba."

"Ɗa ɗaya gare ta," in ji Mama. "Amma shi karatu ya yi. Ya yi nisa, ranka ya daɗe. Ya yi nisa sosai."

"Kash," in ji Farfesa. "Haka yaran yanzu suke, ko a can."

Ba ta sake kallona ba. Ta wuce tebur na gaba, na ji tana tambayarsu ko naman ya yi laushi.

Da za mu tashi Farfesa ya sa aka naɗe masa kwalba biyu. A bakin mota ya miƙo min ɗaya. "Ka kai wa Hajiya mahaifiyarka. Tunda harkar kayan sha take yi, ta ga yadda ake yin abu a inda aka san abu." Na karɓa da hannu biyu, na rusuna, na ce Allah ya ƙara girma. Ranar Litinin ya sa hannu a takardata. Ya gaya wa Dakta a gabana cewa yaron nan yana da ladabi, gogewa ce kawai ta rage masa, kuma zai goge ni.

Kwalbar ta kwana shida a bayan mota. Na yi tunanin jefar da ita a kwata, na kasa. Na yi tunanin shanyewa, ita ma na kasa. Na riƙa gaya wa kaina cewa Mama tana da harkoki da yawa, mai yiwuwa ba ta faɗa ba, mai yiwuwa ma ta manta. Ranar Juma'a na ajiye mota a bayan masallaci, na sa kwalbar a leda, na shiga gida.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tace zoɓo da farin ƙyallen da ya daɗe da zama ja. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar kullum, ta tambayi aiki, ta tambayi ko ina cin abinci, ta ce na rame. Na ce an tabbatar da ni a aiki. Ta ajiye ƙyallen ta ɗaga hannu sama ta yi ta godiya ga Allah har muryarta na rawa. Sannan na miƙa mata ledar na ce shugabanmu ne ya ce a kawo mata.

Ta zaro kwalbar, ta juya ta, ta shafa hoton gidan nan na kan tudu da babban yatsa. Ba ta karanta boko. Ta cire murfin ta kai hanci, sau ɗaya.

"Na Laraba ne," ta ce. "Citta ta yi kaɗan, ranar ta ƙare min." Ta mayar da murfin. "Ya ji daɗinsa dai?"

Na ce ya ji daɗinsa ƙwarai.

"To madalla." Ta ɗauki ƙyallenta ta ci gaba da matsa. "Mamanka ta ce ta gan ka. Ta ce kwat ta yi maka kyau. Ta ce ka yi mata Turanci."

Na hau ninke ledar da ke gabana.

"Ta ɗan ji zafi, ka san ta da zuciya. Na ce mata haba, ke kuwa, ai don haka muka sa shi makaranta. Yana tare da manyansa, kina so ya ce musu me?" Ta juye ruwan a jarka, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. "Kuma na gyara abin. Da ni nake kai mata da kaina, ina so in riƙa ganinta muna taɓa hira. Yanzu na yi magana da mai keke, shi zai riƙa kaiwa. Kada wata rana ka zo da mutanenka ka same ni a bakin ƙofa da jarka, ka rasa yadda za ka yi."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Ta faɗa ne yadda take gaya min ta gyara rufin ɗaki kafin damina.

Na ce, "Inna, ba haka ba ne."

Ta tsaya da matsar, ta ɗago ta dube ni, hannunta na ɗigar ja a cikin kwarya. "To yaya ne?"

Jira take yi da gaske, tana so in ba ta wani bayanin da za ta riƙe. Ni da nake tsayawa awa biyu gaban aji ina zuba ba ko takarda, na buɗe baki ban sami kalma ɗaya ba. Ta ɗan ƙara jira, sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tata.